Kilo Sittin da Ɗaya

Ƙarfe huɗu na asuba a Mazatlán,
na naɗe cikina da ledar shara ina gudu a bakin ruwa,
jiragen masu kamun jatan lande suna wuce ni da fitilunsu.
Babana ya yi shekara talatin a cikin ɗayansu,
ya mutu da gishiri a tsagar tafin hannunsa,
bai taɓa tambayar teku dalili ba.

Sunana Nicanor Ibarra.
Damben kuɗi arba'in da uku:
na ci ashirin da tara, an ci ni goma sha biyu,
biyu alƙalai suka ce canjaras.
Ɗaya daga ciki, ni da Allah mun san wanda ya ci,
amma ba mu ne ke riƙe da biro ba.

Kafin a kai ga mutum, sai an fara da sikeli.
Kwana biyu ba na haɗiye ruwa,
in kurkure baki in tofar.
Remedios tana gasa wainar masara, ta rufe ƙofar kicin
don kada ƙamshi ya ci mutuncina.
Kilo sittin da ɗaya.
Ko gashin gira ne ya ɗoru a kai, za a yanke kuɗi,
ƙarfe bai san ina da iyali ba.

Tsoho Hilario ne ke naɗe mini hannu,
yatsa bayan yatsa, kamar mai shirya gawa da ladabi.
Shi ya ce mini, tun ina ɗan sha huɗu:
“Tsoro ɗan haya ne, ba ya tashi.
Kada ka kore shi, karɓi kuɗin haya kawai.”
Har yau yana biya, bai taɓa makara ba.

A Tijuana suka haɗa ni da yaro ɗan ashirin da biyu
wanda bayansa bai taɓa sanin ƙasa ba.
Na san abin da aka saya da kuɗin motata:
matakala ake nema.
To, matakala ma tana da kaifin baki.
Turmi huɗu ina sassaƙar haƙarƙarinsa,
ina jin numfashinsa yana tsagewa kamar tsohon yadi.
A na bakwai ya aiko da hagu,
irin wadda ba a gani sai an farka,
fitilu suka koma ƙarƙashin ruwa,
ban ji faɗuwata ba.

Huɗu. Biyar.
Mutane suna zaton a nan ake tuna suna da ɗaukaka.
Ni rufin ɗakinmu na tuna,
da bokitin da muke tarar yoyo a gefen gadon Itzel.
Shida. Bakwai.
Gwiwa ta ce a bari, na ce ba da ke aka yi ciniki ba.
A takwas na miƙe.
Na kai turmi na goma a tsaye, ido ɗaya a rufe,
yaron ya rungume ni yana haki a kunnena,
hannunsa aka ɗaga, ba nawa ba.

Manaja ya cire nasa, mai ɗinkin gira ya cire nasa,
abin da ya rage ya sayi kwano goma sha biyu da ƙusa.
Damina ta zo, muka yi barci.

Jiya a teburi na nemi sunan cokali na rasa.
Na riƙe shi ina kallo,
Itzel ta faɗa mini tana dariya, ni ma na yi.
Remedios ba ta yi ba.

Da dare waya ta yi ƙara.
Wani yaro ne kuma, a Hermosillo, wata mai zuwa.
Ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu.
Na juya mata baya, na rage murya,
na ce: “A kilo nawa?”