Kili Ba Ta Son Teku

Tun kafin ladanin Ajah ya yi gyaran murya
Baba Ɗanjuma ya buga bokiti:
"'Yan mata, doki ba ya jiran mai shafa hoda."

Muka fito, mu sha huɗu, ido duk kwantsa.
Morenike ta ɗau shebur tana toshe hanci,
Nkiru na jan tiyo,
ni aka bar wa Kili,
goɗiyar da ta take mini ƙafa ranar farko
ko waiwaye ba ta yi ba.

Na goge kofato, na tsefe geza,
na jiƙa dusa da 'yar kanwa.
Ta hura mini ɗumi a wuya.
Wai sannu ke nan.

Ruwan Yuli ya tsuge da hantsi,
muka fake a barga da burodi da wake
muna koyon ɗaura sirdi a kan ganga.

Da la'asar, bakin teku.
Kowa ta wuce da sassarfa,
Kili ta ga kumfa ta kafe,
kunnuwa a kwance kamar an zage ta.
Na ja linzami, na zungura, na roƙa.
Baba ya ce, "Barira, sauko.
Jiya da kike kukan gida, wa ya zungure ki?"

Na sauko, na tuɓe takalmi,
na shiga har idon sawu, ragama a hannu,
ban ce uffan ba.
Igiyar ruwa ta zo, ta koma, ta zo.
A ta bakwai na ji numfashi a kafaɗata.

Da dare Umma ta kira daga Agege:
"Kin iya sukuwa?"
Na ce tukuna,
ina shinshina tafin hannuna,
gishiri da dusa.
Ban wanke ba.