Muryar Fijo

Fijon da Baba ya bar mini ta girme ni da shekara biyu.
Ran Laraba, daf da Ƙofar Ƙwaya,
akuya ta faɗo titi, na danna hon,
na danna, na ƙara dannawa da gwiwar hannu,
mota ta haɗiye murya.

Da dare kuma ina ribas a lungunmu,
babu farin haske ko na ƙiftawar ido.
Sai ƙwas! Randar Inna Tsahare mai koko
ta tashi daga randa ta koma tsingaro.
Na biya da kuɗi, na cika da kunya.

Da safe na kai ta Ƙofar Ƙaura, wurin Rabe mai wuta,
gindin bedi, inda batura ke jere kamar tubali.
Ya ce, "Malam Mannir, kar ka sayi sabon hon tukuna.
In baƙo bai iso ba, ba a rushe zaure,
sai a fara tambayar hanya."

Ya kwance hon, ya ɗora masa waya biyu a kan batir.
Ƙarar da ta tashi, yaron shago ya ɓarar da shayi.
"Ka ji? Maƙogwaro lafiya lau.
Abinci ne ba ya zuwa."
Ya kankare tsatsar noti har ya yi ƙyallin sabon kwabo,
ya kara kunne a rile, ya ce in danna.
Ko ƙas. Shiru kamar rijiya.

Muka koma baya. Ya ɗaga ƙwan fitila ga rana,
zaren cikinsa bai tsinke ba.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi,
ba abin da nake gani sai faso da silifa ɗaya.
Ya haɗe bakin wayoyin makunnin da ke jikin giya.
"Akwai?"
"Babu."
"Yanzu fa?"
"Babu, Rabe."
Ya fito da baƙin mai har wuya.

Ya zauna, ya dafe kai.
"Biyu sun mutu a mako guda?
Ai uwa ɗaya ke ba su nono.
Da can ya kamata in fara, labarin randarka ya ɗauke ni."
Ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro na uku da filaya.

Fiyus ɗin ya daɗe da mutuwa.
Wani ya yi masa likkafani da takardar kwalin taba,
mai ƙyallin azurfa, naɗi uku, tsaf,
irin naɗin bandejin malamin asibiti.
Ita ta riƙe wutar shekara da shekaru
har ta ƙone ta gaji da ɗawainiya.

Baba, shekara talatin kana duba ƙirjin mutane,
kana fizge kara daga bakin majinyata.
Kara ɗaya ka kama ni da shi a aji uku,
har yau bayana bai manta da dorina ba.
Rabe ya kalli ƙasa.
"Ƙila tsinta ya yi, dare ya yi masa a hanyar Jibiya."
Na ce ƙila.
Muka bar maganar nan, kowa na danne dariya.

Sabon fiyus, naira ɗari biyu.
"Kar ka kuma barin takarda a nan, tana iya cinye mota."
Na karɓe ta duk da haka,
na sa a aljihun gaba, wajen zuciya.

A ƙofar gida na danna sau biyu, gajeru,
ban san hannuna ya haddace bugunsa ba.
Umma ta fito da sauri, mayafi a karkace,
ta tsaya a soro, ba ta ce komai ba,
hannunta riƙe da tsintsiya.

Na sa ribas don in gyara tsayuwa.
Farin haske ya faɗa kan katanga,
kan sabuwar randar Inna Tsahare,
kan tsohon sawun taya.