Yatsa Na Sha Ɗaya

Cindo aka raɗa mini, don na zo da ƙarin yatsa
a gefen hannun hagu.
Ungozoma ta so ta ɗaure shi da zare ya faɗi,
kakata ta ce a bari,
Wanda ya ƙirga ya san abin da ya ƙirga.

Shekara sha tara na yi a Jidda, bayan Sana'iyya,
a rumfar kwanon Am Marzuƙi,
Bajawen da kakansa ya zo hajji, jirgi ya tashi ya bar shi.
Taliyar shinkafa muke yi, siririya kamar furfura.
A jiƙa bayan isha'i, a niƙa kafin asuba,
a turara, a matse ta rariyar tagulla,
mu tara hannu ta sauko mana da zafinta,
mu rataye bisa gora, layi-layi, kamar shanyar gidan yawa.

Mu sha huɗu ne.
Shafiƙul mai tari. Ɗahiru ɗan Kasala, da ba ya motsi sai da rediyo.
Wani yaro ɗan Yaman, sunansa ya ɓace mini,
dariyarsa ce ta ƙi ɓacewa.
Ni ne mai taɓa ƙullu.
In iskar teku ta kwana da laima,
ɗan yatsan nan ke fara sani, tun goshi bai yi gumi ba,
sai in ce a rage ruwa moɗa biyu.

Sai ga kwantena uku daga tashar jiragen ruwa.
Mako biyu ana ɗaura ƙarfe kan ƙarfe.
Ran da aka kunna, Am Marzuƙi ya yanka rago,
muka ci, muka yi masa barka, kuma har zuci.
Inji ya haɗiyi buhu ta nan, ya amayar da leda ta can,
a naɗe, a liƙe, da kwanan wata a goshi.
Aikin wuninmu ya gama shi shayi bai huce ba.
Ba ya tsayawa azahar.
Ba shi da tsohuwa a gida mai ciwon gwiwa.

Aka sallami sha ɗaya, kowa da ambulan.
Ɗahiru ya bar mini rediyonsa, wai can wutar ba ta zama.
Ni aka ba ni tsintsiya, da koriyar fitila in riƙa kallo.

Watan takwas, laima ta sauka kamar jiƙaƙƙen bargo.
Taliya ta dinga cuɗewa, tana fita dunƙule-dunƙule.
Injiniyan, yaro ne mai ladabi, sa'an ɗan fari na,
ya kwana biyu yana latsa allo.
Da safe ya ce, Baba, zo ka taɓa mana.

Na taɓa.
Na ce ruwa ya yi yawa, kuma tururin ya yi gaggawa.
Ya ce da nawa? Na ce kamar moɗa biyu.
Ya auna moɗar. Ya rubuta lamba. Ya sa na sake taɓawa,
yau, gobe, jibi, har laimar ta ɗaga.
Kullum da shayi da madara, shi yake biya.
Ni kuwa ina ta jin daɗi an tuna da ni.

Bana laima ta dawo.
Na wanke hannu tun asuba, na zauna kusa da ƙofa.
Ba wanda ya kira.
Yatsana yana cikin allon, yana aiki ba tare da ni ba.

Jiya Tasalla ta sayo ƙunshi guda a kantin Bangali,
riyal uku, ta dafa da kabeji da ɗan yaji.
Ta zuba mini ido, tana jira in kushe.
Na tauna a hankali, ina neman laifi.

Da ma a ce babu daɗi.