Ƙarfe Uku na Dare a Gdansk

Pestka ta fara zagaye ƙafar tebur,
hanci a ƙasa.
Na san wannan zagayen.
Na zura kwat a kan rigar barci,
takalmi ɗaya nawa, ɗaya na ɗana Radomir,
na rungumo ta kamar burodi mai zafi.

Matakala saba'in da huɗu.
Lif ya mutu tun Kirsimeti.

Dusar ƙanƙara ta binne ciyawa.
Ta shinshina tayar keke, ta bi wata leda,
ta zauna tana kallona
kamar ni aka fito da shi.
Jiya ma haka, har muka gaji muka koma,
tana shiga ta jiƙa kafet.
Na haɗiye tsawa, na ɗauko tsumma.

Yau kuwa, gindin fitilar titi,
ta ɗan rage tsawo.
Tururi ya tashi daga rawaya cikin fari.
Na lalubo mata guntun cuku
da yatsun da sanyi ya ƙandare.

A hawa na biyu labule ya motsa.
Tsohuwa Wieslawa ce,
wadda barci ya yi wa yaji tun rasuwar mijinta,
tana tafa mana a bayan gilashi,
ba sauti.

Ƙarfe shida kuma mu sake saukowa.