Mai Hatimi

A Karantina aka yanke cibiyarsa,
bayan 'yan gwanjo, inda kwata ba ta bushewa.
Kakansa da ƙafa ya taho daga Gumel,
shekara tara a hanya, yana tsinkar auduga a Jazira,
ya haye teku daga Sawakin,
ya ga Ka'aba, ya ce nan zan mutu, kuma ya mutu.
Bai bar gona ba, bai bar takarda ba.

Haladu ya tashi ba iƙama.
Jidda ta ce ba ɗanta ba ne,
Gumel ba ta taɓa jin sunansa ba.
Tasalla, uwarsa, tana tsintar gwangwani,
shi yana wanke mota, kunne a tsaye kamar na zomo.
Yana sha uku askarawa suka kwashe ta.
Ya bi motar da gudu har takalminsa ya tsinke.

Da dunduniyar takalmin nan da reza
ya sassaƙa hatiminsa na farko.

Daga nan sai abin ya yi rassa.
Yara arba'in suna cin abinci a hannunsa,
direbobi masu sanin hanyar dutse zuwa Makka,
dillalai a Kano, wani Bayamale mai canji.
Fasfo ɗin mata 'yan aikatau
yana cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin gadonsa,
sai kin biya, ko ki tsufa kina biya.
Da azumi kuwa tukunyarsa ta fi ta kowa,
har limamin lungunmu ya sha romo
ya kau da kai.

Kada ku ce ji na yi.
Ni na ɗinka jakunkunan, masu ciki biyu.
Wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta ɗauki ɗaya,
an ce mata tsarabar jikoki ce.
A filin jirgi aka farke ɗinkina.
Ban tambayi ƙarshenta ba.
Har yau allura takan yi mini nauyi.

Mun zaci takobi zai ci shi ran Juma'a.
Ina!
Zamani ne ya zo da na'urar yatsa,
ita kuwa ba a sassaƙa mata ƙarya.
Sai motocin rusau suka shafe unguwar,
yaran suka watse kamar an jefi tsaki da dutse.
Ciwon suga ya kama ƙafarsa.
Asibiti na neman yatsa, shi yana ɓoyon yatsa,
ƙafar ta ruɓe a ɗakin haya, yana kallo.

Mu huɗu muka wanke shi.
Mai maƙabarta ya ce ina takarda.
Na laluba gwangwanin, na zaro guda,
aikin hannunsa ce, ba tabo ko ɗaya.

Mutumin da ya ba dubu uku suna
yana kwance yanzu da sunan wani,
Isiyaku, direba, haifaffen Umdurman.
In mala'iku sun kira,
ban san da wanne zai amsa ba.