Maɗaciyar Waya

Jaka talatin da biyar na ƙirga, kuɗin kifin Lagdo,
kuɗin hayaƙin da ya ci mini ido tun daminar bara,
na sayi waya sabuwa fil a babbar kasuwar Garwa.
Sai da na kai gida na gane
ɗaki na saya da 'yan haya a ciki.

Ga mai tallan takalmi, ga mai wasan ƙwallo,
ga mai ba ni labarin sanyin garin da ban taɓa jin sunansa ba,
ga wani ja mai kiran kansa likitan waya,
alhali shi ne ciwon.
Ban gayyace su ba, ba su yi sallama ba.
Su sha caji kamar yadda bazara ke shan Binuwai,
su lashe datar dala ɗari kafin in idar da la'asar.
Ran da Hamajoda ya turo murya daga Duwala
waya ta ce wai babu wuri.
Ɗan da na goya, babu wurinsa a abin da na saya da gumina!

Na ja mayafi, na hau babur,
sai gindin darbejiyar Sali mai tabarau ɗaure da zare.
Na ce, kore su duka, yau ɗin nan.
Ya ce, Goggo Dudu,
in kin samu karfasa, haka kawai kike burma mata wuƙa?
Na ce, Allah ya kiyaye, a hankali ake tsaga ciki,
akwai maɗaciya; in ta fashe, ko kyanwa sai ta kau da kai.
Ya ce, to, wannan ma tana da tata.

Ya fara da kwashe hotuna zuwa wani ɗan kati,
har da na sunan jikata, har da lissafin adashi.
Sannan ɗai-ɗai, yana karanto suna ina amsawa.
Kin san wannan? A'a.
Kina aiki da shi? Ina!
Ya danne shi da yatsa, ya nuna masa hanya.
Wasu suka ƙi fita, kamfani ya kafe su da ƙusa.
Waɗannan, in ji shi, ba a rushe bango dominsu,
barci ake sa su, a ja ƙofa, a hana su tuwo.
Duk wanda ya taɓa, ya rubuta sunansa a bayan kwalin shayi,
ya kashe waya, ya kunna, ya kira kansa ya ji ta yi ƙara.
Wanda bai gane ba, ya ƙyale.
Sandar da ba ka san aikinta ba, ya ce,
wataƙila ita ke riƙe da rufi.

Ni kuwa cikin dare hannu ya yi mini ƙaiƙayi.
Na ga wani toka-toka, ba fuska, ba fasali,
na ce kai ma ɗan cin arziki ne, kwanta.
Da asuba zan tura wa masunta kuɗinsu,
lambobi suka ƙi fitowa, ba inda zan danna.
Shekara talatin ina gyaran kifi,
ga ni na fasa maɗaciya da hannuna.

Sali bai ce uffan ba. Da ma zagina ya yi.
Ya tashi mai barcin, ya miƙo mini,
ya karɓi bandar tarwaɗa biyu a bakin ladansa.

A hanyar komawa, daidai gada, ta yi ƙara a ƙugu.
Na ce wa mai babur, tsaya.
Hamajoda ne, ya sake turowa.
Ba wata magana: ko an yi ruwa,
ko gwiwar nan ta bar ni na yi barci,
sai hon ɗin wata babbar mota ya haɗiye sauran.
Sau shida na saurara,
mai babur na ta tsaki, rana na dukanmu,
dorina ɗaya a ƙasa ta ɗago kai ta koma.