Makon Rufe Makaranta a Bunza

Saura kwana huɗu a rufe zango,
ga rajistar safe a gabana:
hannu ɗaya ya sa wa mutum uku suna.
Na san rubutun Malam Tukur,
wutsiyar "y" ɗinsa ba ta ɓuya.

Malam Bawa bai kawo makin lissafi ba,
an ce yana fadama, dashen shinkafa.
Doka ta ce a ba shi takardar tuhuma;
albashi kuwa ya makara kwana goma.
Na rubuta layi biyu, na ajiye biro,
na tura masinja da keke.

Malama Hajo na bitar wasan yaye,
ruwa ya koro su baranda.
Kyautar na ɗaya: littafi shida da sabulu,
daga aljihuna, kada kowa ya ji.

Da la'asar sai ga Bawa, taɓo har gwiwa,
takardu cikin leda, duk an duba.
Ya ce, "Shugaba, a yi haƙuri."
Na ce, "Wanke ƙafa, zo mu tara maki."

Takardar tuhumar tana cikin durowa,
ba kwanan wata, ba sa hannu.